Taga Ɗaya Aka Ce Ka Nuna, Ba Gidan Duka Ba

A farkon daminar bara wani kawuna ya same ni a Rijiyar Zaki da waya a hannu, ransa a ɓace. Manomi ne. Gonarsa tana can bayan inda fulotai suka tsaya, wajen da har yanzu gero da dawa da gyaɗa ke riƙe da ƙasa. Shi da wasu manoman yankin sun haɗa kuɗi a ƙungiya domin su sayi taki a sari, kowa ya tura nasa kason ta banki. Da kwanaki suka ja bai ji komai ba, sai ya sa jikansa ya tambaya a zauren WhatsApp na ƙungiyar ko kuɗinsa ya shiga. Tambaya ce da amsarta ba ta wuce layi ɗaya ba.

Sakataren ƙungiyar, matashi mai digiri, ya so ya nuna cewa aikinsa babu ƙumbiya-ƙumbiya. Ya buɗe kwamfutarsa, ya danna maɓalli ɗaya, ya tura hoton allon gaba ɗaya cikin zauren. Lallai sunan kawu yana ciki, a wata 'yar ƙaramar taga mai ɗauke da rasit. Sai dai a bayan wannan tagar akwai jadawalin Excel a buɗe: sunayen 'yan ƙungiya, ƙauyukansu, lambobin wayarsu, bankin kowa, lambar asusunsa, da adadin da ya zuba.

Bayan kwana uku aka kira wani maƙwabcin kawu, dattijo, shi ma ɗan ƙungiyar. Mai kiran ya ambaci cikakken sunansa, da ƙauyensu, da bankinsa, da ainihin kuɗin da ya tura, abubuwan da duk suke jere a layi guda cikin wancan hoton. Ya ce an samu tangarɗa, za a dawo masa da kuɗinsa, amma sai ya karanto lambobin katinsa da lambar da za ta shigo wayarsa yanzu. Dattijon ya karanto. Kafin la'asar, kuɗin da ya ware wa 'yan ƙwadago na noman farko ya tafi.

"Kai da ka yi boko," in ji kawu, "gaya mini, don me an tambayi yaron nan abu ɗaya zai kwance wa kowa zani a kasuwa?"

Na ce, "Kawu, ina jin bai san yadda ake ɗaukar ɗaya a bar sauran ba ne."

Ya dube ni ya ce, "To me ya je yi makarantar?"

Da mu ake

Tambayar kawu ba sakataren nan kaɗai ta shafa ba. Ta shafi malamin makaranta da ke tura sakamakon ɗalibi guda alhali na ajin duka yana bayyane, da ma'aikacin asibiti da ke ɗaukar allon da wayarsa don ya nuna wa abokin aiki gwajin majinyaci ɗaya, da akantan da ke tabbatar wa mutum cewa albashinsa ya fita tare da nuna na sauran ma'aikata, da lauya, da ma'aikacin banki, da ɗan jarida irina. Manomin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ba shi ke yin wannan ɓarnar ba. Mu da aka damƙa wa bayanan jama'a saboda an ce mun iya na'ura, mu ke yin ta.

Hujjata a taƙaice ita ce: kowane hoton allo, abin da matasa ke kira sikirinshot, yana da iyaka huɗu, kuma mutum ne ke jan su. Wanda ya ja su da faɗi fiye da buƙata ya tona asirin wasu. Wanda ya matse su da gangan yana iya ɓoye gaskiya. Mu kuwa mun yi sake ta fuska biyun. Idan za mu ɗauka, muna kwasowa har da abin da ba a tambaye mu ba. Idan aka turo mana, muna gaskatawa ba tare da mun tambayi me aka bari a waje ba.

Abin takaicin shi ne, al'adarmu ta riga ta koya mana wannan ladabi tun kafin a ƙera kwamfuta. Baƙon da ya yi sallama yana neman ruwa, a zaure ake zaunar da shi a miƙo masa. Babu magidanci mai hankali da zai ja hannunsa ya ratsa da shi tsakar gida, ya wuce ƙofar ɗakin uwargida, ya kai shi har gindin randa, wai don ya tabbatar masa cewa akwai ruwa a gidan. Allon kwamfutar ofis gida ne mai ɗakuna, kuma yawancin abin da ke cikin ɗakunan na wasu ne.

Maɓalli biyu

Da a ce kauce wa wannan ɓarna na bukatar kwas na wata shida, da an yi wa mutane uzuri. Maɓalli biyu ne.

A kwamfutar da ke aiki da Windows akwai maɓallin da aka rubuta wa PrtScn ko PrtSc. Yana nan tun kwamfutar IBM ta 1981, lokacin da aikinsa shi ne aika rubutun da ke kan allo kai tsaye zuwa na'urar buga takarda. Daga baya aikinsa ya koma kwafe duk abin da ke kan allo, daga kusurwa zuwa kusurwa. Shi sakataren ƙungiyar kawu ya danna. Da ya fara latsa tagar rasit ɗin, sannan ya riƙe Alt ya danna PrtScn, tagar nan ita kaɗai za ta shiga hoton, sai ya liƙa ta a WhatsApp ko a Word da Ctrl da V. A wasu ƙananan kwamfutocin hannu sai an haɗa da Fn, domin maɓallin yana da aiki biyu.

Akwai hanya ta biyu. Idan aka danna maɓallin mai tambarin Windows tare da Shift da S, allon zai dusashe, wani ɗan siririn layi ya fito a sama yana ba da zaɓi: a zana akwati da hannu, ko a zaɓi taga ɗaya, ko a ɗauki allon duka. Manhajar da ke wannan aiki, Snipping Tool, tana zuwa cikin Windows tun zamanin Vista a 2007, kuma daga 2023 danna PrtScn kaɗai a Windows 11 yana buɗe ta. Wato shekara goma sha da yawa kayan aikin yana zaune a kwamfutocin ofisoshinmu, kyauta, yana jiran a waiwaye shi.

A kwamfutar Mac, Shift da Command da 3 suna ɗaukar allon duka. Shift da Command da 4, sannan a taɓa dogon maɓallin tazara, sai alamar linzami ta rikiɗe zuwa kyamara, duk tagar da aka latsa ita kaɗai za a ɗauka.

Saura abu biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, tagar burauza tana ɗauke da kawunan sauran shafukan da aka buɗe, jere a sama, kuma kowanne yana nuna sunansa: adireshin imel, sunan fayil, wani lokaci sunan majinyaci ko na wanda ake ƙara. Sai a rufe su, ko a ja shafin da ake so ya zama taga mai zaman kanta. Na biyu, taga ɗaya ma tana iya ɗauke da mutum ɗari. Idan jadawalin ne kansa ake son nunawa, layin mai tambaya kaɗai za a zana wa akwati.

Mafi munin ɗabi'a ita ce wadda ta fi yawa a ofisoshinmu: a ciro waya a ɗauki fuskar kwamfuta. Wannan hoton yakan kwaso har da takardun da ke kan tebur, da 'yar takardar da aka liƙa a gefen allo mai ɗauke da kalmar sirri. Haka ma hoton allon waya, wanda ke ɗaukar duk abin da ke fuskarta, har da sanarwar saƙon da ya faɗo daga sama a daidai lokacin.

"Ai zan yanke daga baya"

Wani zai ce shi allon duka yake ɗauka, sannan ya datse abin da ba ya so. Akwai matsala biyu a nan. Ta farko ta ɗan Adam ce: mai sauri yakan manta, ko ya tura na asalin a maimakon wanda ya datse, domin su biyun suna kwance kusa da juna a waya.

Ta biyu ta na'ura ce. A watan Maris na 2023 wasu masu binciken tsaron kwamfuta biyu, Simon Aarons da David Buchanan, suka bayyana wani aibi a manhajar gyaran hoton allo ta wayoyin Google Pixel. Idan mutum ya datse hoto ya adana shi a kan na asali, manhajar ba ta share ragowar tsohon fayil ɗin, sai ta bar shi maƙale a ƙarshen sabon. Wanda ya san hanya yana iya dawo da babban ɓangare na abin da aka yanke. Cikin 'yan kwanaki aka gano irin wannan aibi a Snipping Tool na Windows 11. Google da Microsoft sun toshe ɓarakar a cikin watan, amma gyaran bai koma baya ya wanke hotunan da aka riga aka tura ba.

Haka batun dusasar da rubutu ko mayar da shi ƙananan murabba'ai don kada a karanta. A watan Fabrairu na 2022 wani mai bincike mai suna Dan Petro ya fitar da manhajar da ke karanto rubutun da aka ɓoye ta wannan hanya. Mai son rufe lamba, ya shafa mata baƙin tambari mai kauri wanda ba a ganin komai ta cikinsa. Mafi aminci duka shi ne kada abin ya shiga hoton tun farko, domin abin da ba a ɗauka ba babu gwanin da zai dawo da shi.

Kada kuma mu ɗauka sakacin na ƙananan ma'aikata ne kawai. Ranar 31 ga Maris 2020, Firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya wallafa hoton taron majalisar ministocinsa da aka yi ta Zoom, lambar shiga taron tana bayyane a kusurwar sama. Ranar 20 ga Nuwamban wannan shekara, wani ɗan jarida ɗan ƙasar Holan, Daniël Verlaan, ya faɗa cikin taron sirri na ministocin tsaron Tarayyar Turai, bayan an wallafa hoto a shafin Twitter na ministar tsaron ƙasarsa, Ank Bijleveld, wanda ya nuna adireshin taron da biyar daga cikin lambobin sirri shida. Ta shidan cankar ta ya yi. Bambancinsu da mu shi ne, su kunya suka ji. Maƙwabcin kawu kuɗin noma ya rasa.

Doka ta riga ta yi magana

Wasu za su ce ai lambar waya da lambar asusu ba sirri ba ne, kowa na ba da su. Gaskiya ne, ɗaya-ɗaya. Mai shago ya san lambar asusunka, ɗan uwanka ya san ƙauyenku, sakatare ya san nawa ka zuba. Haɗuwarsu a layi guda ita ce ke bai wa ɗan damfara murya irin ta ma'aikacin banki. Dattijon da aka yaudara ba wawa ba ne. Ya ji mutum yana faɗin abin da, a saninsa, banki da ƙungiya kaɗai suka sani.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. Ranar 12 ga Yuni 2023 kuma aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Daga cikin ginshiƙan dokar akwai cewa duk mai riƙe da bayanan mutane kada ya yi amfani da fiye da abin da buƙata ta kama, kuma ya kare su daga faɗawa hannun wanda ba shi da hurumi. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'a 72. Tarar tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe da bayanai, da naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari ga sauran, duk wanda ya fi yawa. Dokar ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ke yi na kansa da iyalinsa. Makaranta da asibiti da shagon da ake cike fom ɗin JAMB da ƙungiyar manoma ba su cikin wannan rangwame.

Ɗaya gefen wuƙar

Duk abin da ya gabata kira ne a matse iyakar hoto. Yanzu ga inda matsewar ke zama makami, kuma a nan ne mu masu ilimi muka fi jin kunya.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Karin maganar ya yi daidai a zamanin da gani ke nufin mutum ya je da ƙafarsa ya duba da idonsa, ya juya kansa hagu da dama yadda ya so. Hoton allo ji ne da ya ari rigar gani. Wani ne ya je, wani ne ya zaɓi inda za a kalla, kai kuma ba ka da ikon leƙa ko taƙi ɗaya a wajen iyakar da ya ja maka.

Mutanen Kano sun ga wannan ƙarara a Nuwamban 2023. A zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris, INEC ta ayyana Abba Kabir Yusuf na NNPP da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC yana da 890,705. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 daga na Abba, ta ce Gawuna ne ya ci. Ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncin da ya tabbatar da cire shi. Bayan 'yan kwanaki sai rubutaccen kwafin hukuncin mai hatimi ya fito, hoton shafi na 67 ya cika wayoyin Kano. A wannan shafi guda akwai jimlar da ta ce an kori ƙarar Abba saboda rashin makama, akwai kuma jimlar da ta ce an warware dukkan batutuwa a kan yadda ya nema, an jingine hukuncin kotun farko, an kuma ba shi naira miliyan ɗaya kuɗin ɗawainiya. Babban magatakardan kotun ya ce kuskuren rubutu ne. Maganar ba ta mutu ba sai ranar 12 ga Janairu 2024, da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba kujerarsa.

Shafin na gaske ne, kuma yaɗa shi ya tilasta wa kotu ta fito ta yi bayani, wanda abu ne mai kyau. Amma abin da ya riƙa shigowa wayata a wancan mako sau da yawa ba shafin ba ne duka. Wani ya datso layukan da suka yi wa ɓangarensa daɗi ya ja musu jan layi, wani ya datso kishiyoyinsu. Kowane hoto babu ƙarya a cikinsa, kuma kowanne, shi kaɗai, yana kai mai karatu ga tabbacin da takardar kanta ba ta bayar ba. Na ga masu digiri biyu suna musu har da zagi, kowa yana ɗaga nasa hoton, alhali shafuka sittin da shida da suka gabaci wannan shafi babu wanda ya buɗe a cikinsu.

Wannan kenan idan hoton na gaske ne. Ƙirƙirar na bogi ba ta kai wahalar dafa shayi ba. Duk wanda ke amfani da Chrome ko Firefox a kwamfuta, idan ya danna F12, za a buɗe masa ƙashin bayan shafin da yake kallo. Yana iya sauya kanun labari a shafin jarida, ko adadin kuɗi, ko kalaman wani babba, a kan allonsa shi kaɗai, sannan ya ɗauki hoto. Tambarin jaridar na gaske, adireshin shafin na gaske, rubutun nasa.

Masu POS da 'yan kasuwar kan titin Gwarzo sun koyi wannan darasi da kuɗinsu. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022, har mai sayar da buhun gero ya koma karɓar tiransifa, alat na bogi da rasit na bogi suka samu kasuwa. Yau ka je ka nuna wa mai POS hoton rasit, zai ce maka da fara'a, "Alhaji, bari ya shigo tukuna." Ya san cewa shaidar biya tana cikin asusunsa, kuma idan aka samu saɓani, lambar nan mai alƙaluma 30 da ke kan rasit ɗin tiransifa tsakanin bankuna ita banki zai bi. Yaron da bai gama sakandare ba ya fahimci abin da mai digiri ke mantawa duk lokacin da aka turo masa "sanarwar gwamnati" a zauren tsofaffin ɗalibai.

Kotu ma ba ta karɓar irin wannan hoto da ka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shimfiɗa sharuɗɗa ga duk takardar da ta fito daga kwamfuta: a nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai, tana aiki daidai a lokacin, a kuma gabatar da takardar shaida mai sa hannun wanda ke da alhaki, wadda ta bayyana yadda aka samar da takardar da irin na'urar da aka yi amfani da ita. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga shafukan intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Alƙali yana tambaya: wa ya ɗauka, da wace na'ura, yaushe, ta yaya? Mu kuwa a zaurukanmu muna yanke wa mutum hukuncin zubar da mutunci cikin minti biyar, da hoton da ba mu san ko daga wayar wa ya fara fitowa ba.

Makamin mara ƙarfi

Akwai suka mai nauyi da ya kamata a saurara. Hoton allo shi ne makamin wanda ba shi da kowa. Da shi matar da ake tura wa saƙonnin cin zarafi take kafa hujja kafin mai turowa ya goge su. Da shi ake kama babban da ya wallafa magana ya janye ya ce bai faɗa ba. Da shi talaka ke nuna cewa an cire masa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Idan aka koya wa jama'a shakkar kowane hoto, ashe ba masu ƙarfi aka taimaka wa ba, tunda kowannensu zai ce sharri aka haɗa masa?

Amsata ita ce, abin da ke dakushe wannan makami shi ne yawan na bogi da yawan na datse. Duk ranar da ƙarya ta yi yawo ba a ƙalubalance ta ba, mai gaskiyar gobe ne ke biyan bashin. Hanyar kare mara ƙarfi ita ce a koya masa ɗaukar hoton da zai iya tsayawa da ƙafarsa. A nan ma taga ɗaya ce amsar, amma cikakkiya: da adireshin shafin a sama, da sunan mai magana da lambarsa, da kwanan wata, da saƙon da ya gabata da wanda ya biyo baya. Tunda hoton taga ɗaya ba ya kwaso agogon da ke ƙasan allo, sai a rubuta lokacin a ajiye. A adana fayil ɗin asali ba tare da an taɓa shi ba, a kwafe adireshin shafin, kada kuma a goge hirar daga wayar, domin ita ce tushe.

Ma'aunin duka ɗaya ne, ko ana kare sirri ko ana kafa hujja: duk abin da maganar ke bukata don a fahimce ta daidai ya shiga, duk abin da bai shafe ta ba ya tsaya a waje.

Abin da nake nema

Daga shugabannin ofisoshi da makarantu da asibitoci: a ware rabin sa'a a taron ma'aikata na gaba, a sa kowa ya ɗauki hoton taga ɗaya a gaban kowa, a kuma haramta ɗaukar fuskar kwamfutar aiki da waya. Daga masu koyar da kwamfuta a sakandare da manyan makarantu: ɗalibin da ya haddace ma'anar kwamfuta da rabe-rabenta amma bai san abin da Alt da PrtScn ke yi ba, an cuce shi. Daga masu shagunan cike fom: allonku yana ɗauke da lambobin NIN da hotunan 'ya'yan mutane, ku rufe na wanda ya tashi kafin ku buɗe na wanda ya zauna. Daga abokan aikina 'yan jarida: hoton allo mafarin bincike ne, a nemi shafin, a nemi takardar duka, a kira mai maganar. Daga kowa da kowa: kafin ka tura, ka buɗe hoton ka duba kusurwoyinsa huɗu. Kafin ka gaskata, ka tambayi wanda ya turo ina sauran.

Sakataren ƙungiyar ya goge hoton a daren da aka gane abin da ya faru, amma magana zarar bunu ce, kuma wayoyi da yawa sun riga sun adana shi. Daga baya na zauna da shi a shagon wani abokinsa, na nuna masa maɓallan biyu. Bai kai minti ɗaya ba ya iya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Yaya, babu wanda ya taɓa nuna mini." Na yarda da shi, domin ni ma ba a aji na koya ba.

Kawu bai karɓi wannan uzuri ba. A yankinsu gonaki manne suke da juna, babu daji a tsakani, iyakar kowa layin gamba ne ko 'yan bishiyoyin lalle. Ya ce tun yana yaro babu wanda ya zaunar da shi ya karanta masa darasin iyaka, amma bai taɓa kai fartanyarsa kunyar maƙwabci ba, domin ya san ta wani ce. 'Yan ƙungiyar sun yi karo-karo sun mayar wa dattijon rabin abin da ya rasa, kuma sun sa doka: daga yanzu wanda ya tambayi lissafinsa, shi kaɗai za a tura wa, layinsa kaɗai.